Randar Makokin Malam Siddo

"Alhaji, don Allah ajiye moɗar nan."

Alhaji Rabo, mai manyan motocin da ke tsallaka gada zuwa Malanville, ya tsaya da hannu cikin randa. Gaisuwar mutuwa ya zo, ga wata yarinya da goyo tana ba shi oda a gaban jama'a.

Yarinyar, Ajuma, ba ta janye ba. Ai jiya ta yi wa mamacin alkawari.

Malam Siddo maƙwabcinta ne. Ya shekara ashirin a labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai yana leƙen ruwa da madubin ganin ƙwayoyin cuta, sannan ya shugabanci ƙungiyar agaji mai gyaran rijiyoyi daga Gaya har Zabori. Ko a gidan suna aka miƙa masa ruwa, sai ya ɗaga kofin ga rana ya duba. Bara da kwalara ta kama Kande, 'yar Ajuma, shi ya yini yana ɗura mata ruwan gishiri da sukari da cokali har ta buɗe ido.

Jiya da jiki ya yi tsanani, Liman ya kawo masa rubutu. Ya buɗe ido ɗaya.

"An tafasa?"

"Siddo, ayar Allah ce fa."

"Ayar na yarda da ita. Ruwan na wace rijiya ne?"

Sai da aka tafasa ya sha. Sannan ya damƙa wa Ajuma 'yar kwalbar jabel, maganin tsabtace ruwa. "Gobe gidan nan zai cika. Ki ɗiga a randa, kuma kada kowa ya tsoma hannu. Ban yarda a zo makokina a koma da gudawa ba." Kafin la'asar ya cika.

Yanzu Alhaji Rabo ya dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, shekara sittin ina shan kogi. Shi mai tafasawar yana ina?"

Aka ƙunshe dariya. Ajuma ta durƙusa, ta gyara goyonta.

"Baba, shi lokacinsa ne ya yi. Amma hannun nan mutum ɗari ka gaisa da shi yau. Kuma Kande a nan za ta sha."

Liman ya yi gyaran murya daga kan tabarma. "Rabo, ni ma rubutuna sai da Siddo ya sa aka tafasa. Miƙa mata hannu."

Ya miƙa, yana gunaguni. Ta zuba masa ruwan buta da sabulu, ta zubar da na randar, ta sake cikawa, ta ɗiga jabel. Da ruwan ya jima, ta ɗebo masa a kofi da kanta.

Alhaji ya karɓa. Ya waiga ya ga ba mai kallonsa, sai ya ɗaga kofin ga rana.