Gahawar da Hayil Ya Zubar

Ranar da mutanen garin Ma'an suka zo Karak neman auren 'yar wansa, Abu Hayil, wato baban Hayil, ya ba ɗansa butar gahawa. Hayil ya kai shekara sha tara, ya san aikin: buta a hagu, finjali a dama, a fara da babban baƙo. Sai ga shi ya karkace kai yana kallon dattijon ta gefe kamar mai raini, ya tsiyaya gahawa kusa da finjalin, ta sauka kan rigar mutumin.

"Ango bai zo ba, an fara yi mana wanka," in ji wani daga cikin baƙin.

Aka yi dariya. Abu Hayil ya ja yaron bayan zaure ya sharara masa mari.

"Finjali biyu nake gani, Baba."

"Wayar nan da kake kwana kanta ce. Ɓace mini."

Sai da uwar ta lura idanun yaron ba sa juyawa hagu, ko da sunansa aka kira, sannan suka hau mota zuwa asibiti a Amman. Likitar ta ɗaga alƙalami ta ce ya bi shi da ido. Gefen dama lafiya lau. Hagu kuwa idanun suka tsaya cak a tsakiya. Bayan hoton kai ta ce jini ne ya ɗan tsiyaya a gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, nan ne ake juya idanu.

"Ya taɓa buguwa a ka?"

"A'a," Hayil ya amsa da sauri, uban bai ko buɗe baki ba.

Abu Hayil ya bi ta waje.

"Likita, na mare shi. Ni na jawo?"

Ta tambayi abin da ya faru, ya faɗa mata.

"Mari bai yin wannan, Abu Hayil. Ciwon ne ya sa shi zubarwar. Ya riga ka zuwa."

Ya ɗauka zai ji sanyi. Sai abin ya ƙara damunsa: ashe marar lafiya ya daka.

Da aka kwantar da yaron, ya ɗauki kujera ya ajiye ta hagun gadon, inda idanun ba sa kaiwa. Nan yake wuni. Yana ɓare lemo ya miƙa wa uwar, ita ta ba shi. Bai san ko yaron na son ganinsa ba, kuma yana tsoron sani.

Da la'asar uwar ta fita alwala.

"Baba."

"Na'am, ɗana."

"Ka zaɓi gefen da sai na karya wuya. Zagayo nan mana."

Abu Hayil ya ɗauki kujerar ya zagaya. Idon Hayil ɗaya na rufe da bandeji don hana shi gani biyu, ɗayan ya sauka a kansa.

"Ko aski ba ka yi ba," in ji Hayil. "Zauna dai."