Sabulun Kan Taga

Tun da kaya suka yi tsada, matar tela ta ɗauko wata dabara. Duk sabulun wankin da ta sayo, sai ta yanka shi gida huɗu, ta jera a kan taga ya bushe ƙarau, don busasshen sabulu ba ya saurin narkewa. Sai dai duk bayan kwana biyu, in ta leƙa, ta tarar an yi gaba da guda.

Ɓera ne? Ina, ɓera ba ya zaɓen wanda ya fi bushewa. Nan take zuciyarta ta tafi kan maƙwabciyarta, matar direba, wadda igiyarta ba ta rabo da shanya, amma ba a taɓa ganin ta sayo sabulu ba. Ta rage mata gaisuwa. Rannan har ta faki ido ta shinshina zanin matar a kan igiya. Ƙamshin ma iri ɗaya!

"Yau kam sai maigida ya ji," ta ce, ta zari mayafi ta nufi shago.

Ta same shi sunkuye kan tebur, yana zana layin wando a baƙin yadi da wani farin abu. Ta ƙura ido. Ga shatin wuƙarta nan a jikin abin.

"Maigida, mene ne wannan a hannunka?"

Ya washe baki. "Guntayen nan da kike yarwa a taga mana! Wata biyu ke nan ban sayi alli ba. Da ma ke ma za ki koyi tattali."