Ba a Kira Sunansa Ba

Ranar Lahadin da ɗansa Zulkiflu ya zo daga Amurka ya buga wasa a Landan, Malam Abdul-Rashid ya ɓata da shi.

Shekara bakwai yaron yana ƙwallon Amurka, irin wadda ake rungume ƙwallo a ruga. Shi ba ya rugawa. Aikinsa ya tsaya a sahun gaba cikin ƙarti biyar, ya tare masu son murƙushe mai jefa ƙwallo. Malam, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fassara a wani ofis a Aldwych, bai taɓa kallo ba. Matarsa Hamdatu ce take kallo, kuma bara aka binne ta.

Ranar, Malam ya zauna awa uku cikin sanyi a filin wasan. Lasifika ta yi ta kiran sunaye, filin yana ɗaukar ihu. Ƙwallo ba ta taɓa hannun Zulkiflu ba, ba a kuma ambace shi ba.

Bayan an tashi ya same shi a bakin ɗakin 'yan wasa, an ɗaure masa ƙanƙara a gwiwa.

"Baba, ka gani?" Hausarsa ta yi tsatsa, amma da ita ya tambaya.

"Na ga ana ture-ture. Shekara bakwai, ko mai shelar bai san da zamanka ba. Wannan ne uwarka take ta yi mini surutu a kai?"

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya juya yana ɗingishi.

Sai bayan wata huɗu, a harabar masallacin Regent's Park, Muniru, wani direban bas ɗan zangon Kumasi, ya riƙe hannun Malam.

"Alhaji, ashe mai lamba saba'in da biyu yaronka ne! Ranar nan ko laifi ɗaya bai yi ba."

"Ba kuma wanda ya yabe shi."

Muniru ya yi dariya. "Su ai sai sun yi laifi alƙali yake kiran lambarsu. In ka ji shiru, to ya iya. Kai da ka karanta littafi dubu?"

Malam ya hau bas zuwa unguwarsu Peckham, har ya wuce tasharsa da biyu.

A lokacin gwiwar ta riga ta ƙi, Zulkiflu ya ajiye wasa. Yana kira duk Sallah, minti biyu, ya tambayi hawan jini da yanayin gari. Da Malam ya karkata wajen ƙwallo, sai ya ce, "Ya wuce, Baba," ya miƙa wa matarsa Angelina waya ta gaishe shi.

Malam yana gaida mai shara a titin Rye Lane, yana gaida mai yanka masa nama. Mutum ɗaya ne ya samu tsaye a bakin aikinsa, gumi bai ko bushe masa ba, bai ce masa sannu da aiki ba.