Katanga a Teburin Madam Ornella

Jiya da dare, ina kai haƙarƙarina ƙasa, na yi wani mafarki wanda har yanzu ƙamshinsa bai bar hancina ba.

Na ga kaina a bakin layinmu da rana tsaka, sanye da shaddata mai ruwan ƙasa. A titi babura ne ke hawan mutane, suna ta yi musu hon. Inda shagon cajin waya yake, sai ga wani ɗan gidan abinci na mutanen Italiya, mai jar rumfa da tebura ƙanana. An rubuta sunansa da yarensu. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare na karanta shi tsaf, ban ko yi mamaki ba.

A gefena Malam Haladu ne, mahaifin Shafa'atu, yarinyar da nake nema. Magabatana sun je wurinsa tun kafin azumi, ya ce zai yi shawara, daga nan shiru. A mafarkin ya dube ni ya ce, "Tasi'u, amsarka tana cikin bakina. In mun ci abinci zan fito da ita."

Na ce, "To, Baba." Na tura ƙofa kamar kullum nan nake cin abincin rana.

Zabo ne ya tarbe mu, da farin tawul a kan fiffike.

"Ranku ya daɗe, kujera biyu, ko a ƙara ta uku saboda kunya?"

Malam ya ce, "Biyu."

Bango guda kwalaben giyar inabi ne jere har rufi. Zabo ya ce wasunsu sun girmi kakana, saboda haka na cire hula na durƙusa na gaishe su. Wata mai ƙura a wuya ta amsa, ta tambaye ni mutanen gida.

Na raɗa wa zabo, "Mu fa ba ma sha."

"Ai a nan ba a shan su. Su ke ɗanɗana baƙi."

Ya sauko da tsohuwar kwalbar, ta shinshina Malam. Ta ce, "Wannan ya nuna. Akwai ɗan ɗacin goro daga ƙarshe." Ta shinshina ni, ta ɗan jima. "Ɗanye ne. Amma in aka ajiye shi wuri mai sanyi zai yi kyau." Na ji daɗi, don a kunnen Malam aka faɗa.

Sai ga mu zaune, kyandir a tsakaninmu. Mai gidan ta fito, Madam Ornella, wata gajeruwar tsohuwa da ludayi rataye a wuya, Hausa tas a bakinta. Ta dire mana burodi da man zaitun, sannan taliya faranti biyu, miyar tumatir a kai. Ta goga cuku a sama, cukun ya tsaya a iska yana jira sai da ta ce masa sauka.

"Ku ci, 'ya'yana, tun da zafi."

Ba wanda ya motsa. Ni dai ko yunwa za ta kayar da ni, ba zan buɗe baki in tauna a gaban uban Shafa'atu ba. Shi ma ba zai ci a gaban mai neman 'yarsa ba. Ya ɗaga kai yana duba rufi kamar shi ya yi kwangilarsa. Ni kuma na ƙura wa kyandir ido, kyandir ya ji nauyi ya sunkuyar da kai.

Taliyar da ta ga ba a taɓa ta ba sai ta fara tsawo. Ta zubo daga faranti, ta bi ƙafar tebur, ta fita ƙofa.

Madam ta dawo ta riƙe ƙugu. "Malam, gishiri ne bai ji ba?"

"Alhamdulillahi, a ƙoshe nake," in ji Malam. Cikinsa ya ce ƙarya ne, a fili, da muryar mace.

Ta ce, "To ku sani, a gidan nan magana tare take hucewa da abinci. In taliyar nan ta huce, abin da ke bakin dattijon nan ya huce, sai dai a zuba wa kaji."

Na saci kallon Malam. Da gaske, wani siririn tururi ne ke fita ta gefen bakinsa, kuma yana raguwa.

Hankalina bai tashi ba. Na tafa hannu, zabo ya zo.

"Kuna da katanga?"

"Ta ƙasa ko ta bulo?"

"Ta ƙasa. A yi mata yaɓe."

"Da ƙadangare ko babu?"

"Babu."

Ya kawo ta a kan tire da zafinta, ya kafa a tsakiyar tebur. Malam ya ɓace mini, na ɓace masa. Ba a jima ba na ji motsin leda daga can ɓangaren, ƙamshin yajin ƙuli ya tsallako. Na yi kamar hancina ba ya aiki.

Na ɗauki cokali mai yatsu na murɗa kamar yadda na ga wani jimina yana yi a teburin kusa. Na kai baki, taliya ta ƙi ƙarewa. Na zuƙa. Ƙarar ta yi tsalle ta haye katanga, na ji saukarta a farantin Malam. Ya yi gyaran murya. Ashe katanga tana tare ido, ba ta tare kunne.

Sai na tuna yadda Inna ke karya taliya kafin ta jefa tukunya, kowa ya ci abinsa ba hayaniya. Na sa gefen cokali na daddatsa tawa ƙanana-ƙanana.

Tsohuwar kwalba ta ce wayyo, ta sume. Ɗige-ɗigen jikin zabo suka zube ƙasa kamar wake, ya tsaya fari fat. Madam ta fito daga kicin, ludayinta ya kai girman shebur.

"Wa ya yanka ta? Tun daga ƙauyenmu kakata ta jawo taliyar nan, ta ƙetare teku da ita ba ta tsinke ba!"

Na miƙe. "Ni ne, Iya. Don kada Baba ya ji ƙarar cin abincina."

"Dokar gidan nan guda ce. Wanda ya yanka taliya ba ya aure sai ya ɗinke ta."

Ta miƙo allura. Na karɓa, don na sha ɗinkin kujerar babur a garejinmu. Na duba farantin, gutsattsarin sun cika shi sun kai har bakin titi, kowanne yana gudun ɗan'uwansa. Na naɗe hannun riga, na kama ɗaya, na fara neman zare.

Sai murya ta fito daga bayan katanga.

"Baiwar Allah, karɓi allurarki. Surukina ba zai zauna ɗinkin taliya ba, ga ɗaurin aure bayan Salla."

Madam ta leƙa ta saman katangar. "Surukinka ne?"

"Kin dai ji. Ba na maimaita magana da abinci a bakina."

Ludayin ya koma daidai girmansa. Ta zare allurar daga hannuna, ta ja kumatuna har sai da suka yi zafi. "Ai da ka faɗa! Mu ba ma hukunta 'yan gida, ƙara musu muke yi." Ta sake cika mini faranti. Zabo ya durƙusa yana tsince ɗige-ɗigensa.

Na matsa na kafa baki jikin katangar, na yi ƙasa da murya.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Wace Sallar, ƙarama ko babba?"

Na ji ya ajiye cokali. Na ji ya kurɓi ruwa, ya goge baki. Ya buɗe baki zai amsa, sai ya ce garrrrr.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar, gari ya waye. Na daɗe kwance na kasa kunne ko zai ƙarasa maganar, amma waken ƙosai kawai ake markaɗawa.