Idon Malam a Parakou

Shekara talatin mijina Bunyaminu yana cika mini kunne da labarin ƙasar Benin, tun lokacin da yake fataucin albasa. Ni kuwa ko Lolo ban taɓa wucewa ba, ga ta nan kusa da mu a Illo. Sai da idonsa ya fara rufewa, maganin gida da na asibiti suka gaza, aka ce akwai likitan ido a Parakou, sannan na samu shiga gari. Da wannan yawo gara zaman gida.

Tun daga Malanville ya hana ni sakat.

"Barira, mi kika gani?"

"Mata bisa babur, Malam. Ga wata da goyo, tana tsala gudu, ba namiji gabanta."

Ya yi dariya. "Haka suke. Sai mi?"

Sai burodi dogo kamar sandar makiyayi. Na saya, ya kusa cire mini haƙori, shi kuwa ya tsoma a shayi yana lumshe ido. A Kandi manyan motocin auduga sun yi jerin gwano, audugar tana zuba gefen titi ba mai tsinta. Abin ya ba ni haushi, na faɗa masa. A tasha aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa da cukun Fulani da suka rina ja da karan dafi. Wa ya aike su rina cuku? Amma ya yi daɗi, ba zan ci amanarsu ba. Ni ce ke kai hannunsa bakin kwano, ina yi kamar gyara masa zama nake, don kada mutane su lura.

Asibitin tsaf yake, har na ji kunyar takalmina. Likitan ya daɗe yana haska masa fitila a ido. Da Faransanci ya yi magana, a hankali, wata ma'aikaciya 'yar ƙabilar Dendi tana mayar mana da Hausa. Tun kafin ta buɗe baki na gane, don na ga ta sunkuyar da kai.

"Baba, jijiyar idon ta riga ta mutu. Da bara kuka zo, da an tsare abin da ya rage."

"Ba aiki da za a yi?" in ji Malam.

"Babu, Baba. Sai maganin rage ciwo."

Bara ina ta roƙonsa mu zo, yana cewa sai an kwashe shinkafa. Na so in tuna masa, sai kawai na miƙa masa sandarsa. Ko godiya ban yi wa likitan ba.

Muka fito. Rana ta take, masu babur suna ta kiranmu da yaren da ba na ji. Malam ya tsaya a bakin titi, yana juya kai hagu da dama. Tun da aka kai ni gidansa, bayansa nake bi, ko biki ko gona ko asibiti.

Ya miƙo mini kan sandarsa.

"Wuce gaba, Barira," ya ce. "Ki tahi sannu."