Wutar da Auta Ta Ɗauko wa Dogo

"Baba, riƙe ta tsaye mana! Baba Dogo ya ce ba a jan ta a kan matakala."

Ina rungume da tukunyar iskar numfashi, bayana na ƙara, gumi ya jiƙa mini riga sharkaf, amma abin da Auta ta ga damar faɗa mini ke nan. Ko sannu babu. Baba Dogo ya ce. Tun tana sa kayan makaranta nake jin wannan karatun a gidana, har na haddace shi.

Auta 'yata ce ta cikina, ita ce ƙarama. Dogo kuwa maƙwabci ne, ƙofarsa na kallon tamu a saman bene. Tare muka yi aiki a tashar wutar lantarki tun ana ƙona kwal, ni da shi a bakin tukunyar tururi, mu tashi aiki baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai haƙora. Da aka ce hayaƙin kwal yana ɗumama duniya, za a koma gas, sai aka ce mai son aikinsa ya koma aji ya koyi sabo. Na ce da furfurata ba zan zauna a benci wani sa'an ɗana yana nuna mini allo ba. Dogo ya tafi kasuwa ya sayo jakar makaranta. Shi ya ci gaba da aiki, ni na buɗe shagon gyaran janareta a ƙasan bene.

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa. To, sai ga Auta da rarrafe, ƙofa a buɗe. Can take aikin gida, can take cin abincin rana, can ta koyi kwance risho ta mayar. Ni ma ina da sukundireba, ina da sifana, shagona cike yake da injuna, amma in ta shigo sai ta toshe hanci ta ce warin baƙin mai. Yau ga ta injiniya a tashar da ta sallame ni, kuma in mutanen unguwa za su yabe ta sai su ce, "Ai rainon Dogo ce." A gabana suke faɗa.

Muka shigar da tukunyar ɗakinsa. Yana kishingiɗe a kan matasai, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ƙurar kwal ɗin da muka shaƙa tare ita ta zauna masa a huhu, ni ta bar ni lafiya lau. Auta ta ɗaura roba a bakin tukunyar, ta juya famfon.

"Kumfa," in ji shi.

"Haba Dogo," na ce, "daga asibiti fa aka kawo ta."

"Ko daga sama aka kawo ta. Kumfa."

Matarsa ta riga ta sani, ta miƙo kofi da ruwan sabulu da tsohon buroshi. Haka Dogo yake, duk mahaɗar bututun da ya gani sai ya shafa mata kumfa ya zuba ido, in ta yi ƙwai to iska na tsiyaya. Babu kicin ɗin da bai shiga da kofin nan ba a benenmu. Auta ta shafa, suka sunkuya su biyu suna kallo, kansu kusan haɗe, ni ina tsaye a baya kamar wanda ya kawo saƙo yana jiran a sallame shi.

"Ba ta yoyo," in ji ta.

"Madalla. To, ba ni labari. Yaushe ne gwajin?"

Nan fa hira ta ɓarke. Wai za su fara ƙona wata iska, haidirojin, a ƙaramin murhun gwaji, in ta yi kyau su riƙa gauraya ta da gas. Wai gas ɗin ma yana hayaƙi, bai dai kai na kwal ba, ita kuwa wannan in ta ƙone tururin ruwa kawai take fitarwa. Kuma ita Auta aka zaɓa ta buɗe famfon farko da hannunta.

"Wutar da ke fitar da ruwa?" na ce. "To ai sai ku ba 'yan kwana-kwana su riƙa kashe gobara da ita."

Ba wanda ya yi dariya sai Dogo, shi ma tari ya ƙwace dariyar.

"Sarkin Kwal ke nan," ya ce da ya samu numfashi. "Sun wuce mu, mutumina. Ni ma gas ɗin da nake taƙama da shi, ka ga ana shirin yi masa ritaya."

Da muka koma gida muka zauna cin abinci, na gyara murya na ce, "Wai ita iskar nan, daga ina kuke samo ta?"

"Daga ruwa, Baba. Bayanin da tsawo." Ta ci gaba da danna waya.

Da tsawo. A ɗakin Dogo ba ya tsawo, sai ta kai har shayi ya huce tana zana masa bututu a iska da yatsa. Na ture kwanon. Mamanta ta dube ni ta ce, "Kai dai ka ji kunya, da mara lafiya kake kishi?" Na ce eh, da shi nake yi. Mutum yana kwance yana shaƙar iska ta roba, amma ya fi ni 'ya.

Ranar gwajin ta fito da sassafe cikin rigar aiki, hular kwano a hammata. Ta fara shiga wurinsa, ta daɗe, sannan ta same ni ina buɗe shago. Ta karɓi wayata ta sa wata lamba.

"Ba a shiga da waya wurin gwaji. Wannan ta ofishinmu ce. In jikinsa ya canza, ka kira, za a fito da ni. Baba, ka yi mini alkawari."

"Na ji."

"Ka ce ka yi."

"Na yi, Hajiya injiniya. Allah ya ba da sa'a."

Rana ta ɗaga, ina cikin kwance kaburetan wani janareta, matar Dogo ta leƙo daga saman bene, ko ɗankwali babu. Hannu kawai ta yafito. Na hau da baƙin mai a hannuna.

Numfashinsa ya koma sama-sama, leɓɓansa sun yi duhu. Matar ta ce ta kira likita, yana hanya. Na ciro wayata, na nemo lambar. Dogo ya buɗe ido ya ga abin da nake yi, ya kama mini gefen riga.

"Ajiye."

"Na yi mata alkawari."

"In ta fito, wani za a ba famfon." Ya tsaya ya nemi iska. "Ba za su jira ta ba. Bar 'yarmu ta buɗe abinta."

"'Yata dai," na ce. Wallahi fitowa ta yi, ban shirya ba.

Sai ya yi murmushi a cikin robar iskar da ke fuskarsa, har ta yi gumi.

"Taka ce, Sarkin Kwal. Aro ka ba ni."

Na zauna a bakin gadon, waya a tafin hannuna, lambar na kallona. Na san yana da gaskiya, yarinyar nan ta yi shekaru tana jiran wannan rana. Kuma wani gefe na zuciyata ya ji daɗi, don ko sau ɗaya akwai abin da ya shafi Dogo da ni zan sani ita ba ta sani ba. Na kife wayar a kan tebur kusa da kofin kumfa.

Muka ɗan yi maganar da. Ni nake yi, shi yana lumshe ido. Na tuna masa ranar da shebur ɗinsa ya faɗa cikin wuta ya ce ni na ture shi, na tuna masa shugaban aikinmu mai tsoron ɓera. Hannunsa na cikin nawa, na ɓata masa yatsu da baƙin mai. Ban san daidai lokacin da ya daina saurare ba. Matarsa ce ta fara salati, sannan na lura ƙirjin ya tsaya, ba abin da ke motsi a ɗakin sai iskar da ke huci a roba. Na tashi na murɗa famfon na rufe, na ƙara murɗawa don in tabbatar, yadda yake yi.

Likita ya zo ya tafi. Mata suka cika ɗakin, ni na fito na zauna a kan matakala ta sama. Wajen la'asar na ji ƙarar takalminta tun daga ƙasa, tana hawa da gudu, tana kira tun kafin ta iso.

"Baba Dogo! Ta kama! Ta kama!"

Ta wuce ni kamar an ajiye buhu a hanya, waya a ɗage a hannunta, ta faɗa ɗakin. Can sai na ji kukanta. Ban taɓa jin ta yi irin wannan kukan ba, ko tana jaririya, kuma ina zaune a wurin ina tambayar kaina ko ni zan samu rabinsa.

Da ta fito idonta ya kumbura. Ta tsaya a kaina.

"Ka yi mini alkawari."

"Shi ya hana. Ya ce a bar ki ki buɗe famfonki."

Na shirya wa faɗa. Na so ma ta yi faɗan, ta kama ni da kokawa, ta ce na cuce ta. Sai kawai ta gyaɗa kai.

"To," ta ce.

Shi ke nan. Da ni na yanke shawarar, da sai an shekara ana shari'a. Amma Baba Dogo ya ce.

Ta zauna kusa da ni a kan matakalar, hular kwanon a cinyarta. Can ta share fuska da hannun riga, ta kunna wayar.

"Bidiyon gwajin ne, kyamarar wurin ce ta ɗauka, na sa aka turo mini." Ta miƙo mini wayar. "Za ka gani?"

Na san ba ni aka ɗauko wa ba. Na goge hannuna a wando na karɓa.

Bakin wani bututu ne a tsakiyar fili, da rana tsaka, bayansa farin bango. Na jira wuta ta tashi, ba ta tashi ba. Mu da muka saba wuta ta yi ja, ta yi ruri, ta ƙona wa mutum gira. Nan ba ja, ba shuɗi, ba hayaƙi, bangon ne kawai yake ɗan rawa a saman bututun.

"Ina wutar?"

"Tana ci. Ita da rana ba a cika ganinta ba." Ta matso, ta ɗora kanta a kafaɗata, ta sa yatsa a kan gilashin. "Ga ta nan. Ka gani, Baba?"

Warin baƙin mai na jikin rigata, ba ta toshe hanci ba. Na ƙura ido a inda yatsanta yake.

"Na gani," na ce.

Hoton ya ƙare, ta sake kunna shi daga farko.