Rami Uku a Ƙarƙashin Harshe

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ɓarin jikin Tamu ya shanye. Shekara ashirin ya yi yana jan motar albasa daga Aliero zuwa Ikko, da 'yar hamonikarsa, abin busa mai rami goma, a aljihu. Yana da wani take nasa na kansa da yake busawa in an gama lodi. Yanzu baki ya karkace, magana ta tafi, taken kuwa ba wanda ya iya.

Gudiya, 'yarsa da ta gama sakandare a Jega, ta ce ba za a binne taken da shi ba. Kullum bayan la'asar takan zauna bakin tabarmarsa, ta tsuke leɓe a kan rami ɗaya kamar mai hura wuta. Taken yana fita, amma siriri, babu kiɗan nan mai kauri da ke bin sa a ƙasa. Sai Tamu ya juyar da kai bango.

Gwaggonta Kande ta zo dubiya daga Maiyama, ta tarar da ita a kai.

"Bokon ke nan? Ɗiya macce da busa, uba na kwance?"

"Gwaggo, ai shi nake busa wa. Wanda bai so ya toshe kunne."

Wata huɗu Gudiya ta yi a haka, leɓenta duk ya tsage. Ranar da likita a Jega ya ce su koma gida su yi ta addu'a, Tamu ya miƙo hannunsa mai lafiya ya karɓe hamonikar. Ya rufe rami uku da babban yatsa, ya bar na huɗu. Ya ɗaga, ya mayar, ya nuna bakinta.

Ashe ba a leɓe aikin yake ba. Baki zai haɗiye rami huɗu, harshe ya toshe uku, taken ya fita ta gefe. In harshen ya ɗaga, kiɗan ya faɗo.

Ta gwada, yawu ya cika ramukan, sautin ya dagule. Harshe ba ya sabawa cikin kwana tara, kwana taran kuwa su suka rage masa.

Sai da albasa ta sake nuna, sannan harshenta ya miƙe. Tana busawa har yau. Amma a ina Tamu yake ɗaga harshe a taken, a ina yake mayarwa, ba ta sani ba, kuma babu mai juyar da kai bango in ta kuskure.